Mai Kyau ko Mai Sauƙi? Muhawarar Kantunan Magani a Gombe

Duk wanda ya taɓa fitowa daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan titin Ashaka da takardar likita a hannu, ko daga Asibitin Ƙwararru na jiha, ya san tambayar da ke jiransa a kantin magani. Mai kanti zai karanta takardar, ya juya ya zaro kwali biyu ya dire su a kan kanta, sannan ya ce, "Baba, mai kyau za a ba ka ko mai sauƙi?" Sunan sinadarin da ke jikin kwalayen ɗaya ne, nauyin ƙwayar ɗaya, kowanne da lambar NAFDAC, amma kuɗin wannan ya ninka na wancan. Dattijo ya baro mara lafiya a kwance. Ba shi da na'urar gwaji, ba shi da wanda zai tambaya. Abin da ke gare shi aljihunsa ne, sai tsoron kada ya cuci nasa a ce ya yi rowa. Sau da yawa amsarsa ita ce, "Yaro, tsakaninka da Allah, wanne ne zai yi aiki?"

Tambayar ta daɗe, amma daga 2023 ta zama ta kowa da kowa. A shekarar ne darajar naira ta zube, a watan Agusta kuma kamfanin GSK na Ingila ya sanar cewa zai daina sayar da kayansa kai tsaye a Nijeriya. Kuɗin Augmentin da na Ventolin ɗin masu asma suka yi tashin gwauron zabo. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun jama'a yake fita, wanda a da ko kallon "ɗan Indiya" ba ya yi, yau shi yake nema. Likitoci da masu harhaɗa magunguna sun rabu gida biyu: wasu na ganin an jefa marasa lafiya cikin haɗari, wasu na cewa dama can asarar kuɗi ake yi.

Masu cewa a sayi mai tsada ba su tsaya ga cewa araha ba ta ado ba. Akwai ilimi a bayan maganarsu, kuma ya kamata a fahimce shi. Yawancin magungunan da muke haɗiya gari ne daskararre da aka matse ya zama ƙwaya. Idan sinadari zai daskare, ƙananan 'ya'yansa da ido ba ya gani suna jeruwa ne bisa wani tsari, kuma sinadari guda yana iya jeruwa ta hanya biyu ko uku ko fiye. Ba a ƙara masa komai ba, ba a rage ba, zubin ne kawai ya bambanta. Matan da ke ajiye man kaɗe sun san irin wannan: man da yake sumul, in ya narke da zafin bazara ya sake daskarewa a hankali, sai a ji shi tsaki-tsaki a tafin hannu, alhali man nan dai shi ne. A magani, bambancin zubi yana canza saurin narkewa. Wanda bai narke a ciki ba kuwa ba ya shiga jini, sai ya bi bayan gida ya fita.

Tun 1967 masu bincike a kamfanin Parke-Davis na Amurka suka nuna haka a kan kuloramfenikol na ruwa, wanda aka daɗe ana ba yara saboda taifot. Zubin da suka kira B yana shiga jini sosai, wanda suka kira A kuwa kusan ba ya shiga. Shi ya sa littattafan ƙa'idar magani suka ɗaure cewa kada A ya wuce kashi 10 cikin 100 na maganin da ke kwalba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mebendazol, maganin tsutsar ciki da kowace uwa a Bolari ko Pantami ta sani. Zubinsa uku ne, A da B da C, kuma C ake so. A wani bincike da aka buga a 1993 daga ƙasar Tailan, an ba wasu yara zubin A, sai aka ga bai fi ƙwayar da ba komai a cikinta aiki ba a kan tsutsotsin da aka auna. Daga baya masu bincike a jami'ar Potchefstroom ta Afirka ta Kudu suka nuna cewa shi kansa C ɗin, in ya sha zafi da danshi, yana rikiɗa ya koma A. To ga inda gizo ke saƙa: in aka niƙa ƙwayar aka auna yawan sinadarin da ke cikinta, za a samu miligiram 100 cif, kamar yadda aka rubuta a kwali. Ba jabu ba ce, ba alli aka cusa ba. Sai an gwada saurin narkewarta, ko an haska garin da na'ura ta musamman, kafin a gane ba za ta kashe tsutsa ba. Uwa ta biya kuɗinta, yaro ya haɗiya, cikinsa na nan yadda yake, ita kuma ta ɗauka ciwon wani abu ne daban.

Haka rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka. Zubin garinsa da yadda aka haɗa shi da sauran magunguna a ƙwaya guda suna shafar yawan abin da ke isa jini, har a 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar yaƙi da tarin fuka ta duniya suka fitar da sanarwar cewa kada a yi amfani da irin wannan haɗin sai wanda aka tabbatar rifamfisin ɗinsa yana shiga jini.

Daga nan sai masu wannan ra'ayi su yi tambaya: tsakanin kamfanin da ya ƙirƙiro magani ya shafe shekaru yana nazarin garinsa, da wanda ya sayo garin daga inda ya fi araha ya buga ƙwaya, wa ya fi kusa da yin kuskure? Suna da misalin da ba a musu. A watan Mayu na 2013 kamfanin Ranbaxy na Indiya ya amsa laifi a Amurka kan ƙarya a sakamakon gwaji da sayar da magani mara inganci, ya biya dala miliyan 500. 'Yar jarida Katherine Eban, a littafin da ta fitar a 2019 kan wannan badaƙala, ta kawo shaidar cewa wasu kamfanoni suna ware kayansu mafi inganci ga ƙasashen da ke da tsaurin bincike, su turo ragowar Afirka. Likitan da ya ga hawan jinin majiyyacinsa ya ƙi sauka bayan an canza masa kamfani, ya kuma ga ya sauka da aka mayar da shi kan na da, ba za ka raba shi da wannan ra'ayi da fatar baki ba.

Ɗaya ɓangaren ba su ƙaryata batun zubi ba. Abin da suke cewa shi ne an ɗauki gaskiya ƙarama an lulluɓe kasuwa gaba ɗaya da ita. Zubi yana da tasiri ne a magungunan da dama can ba sa son narkewa a ruwa. Farasitamol ma yana da zubi fiye da ɗaya, amma da yake mai saurin narkewa ne, bambancin ba ya kai wa ga mara lafiya. Magunguna da yawa na yau da kullum haka suke. Sannan akwai gwajin da ke raba gardama: a ba mutane masu lafiya na asali, a riƙa ɗibar jininsu awa bayan awa, a sake ba su na kwaikwayo a yi haka, sai a kwatanta. Ƙa'idar da duniya ta fi bi ita ce sakamakon ya tsaya tsakanin kashi 80 da 125 na na asali. A kan wannan gwaji Amurka ta gina dokarta ta 1984, kuma yau kusan tara cikin goma na magungunan da likitocinta ke rubutawa na kwaikwayo ake bayarwa.

Suna kuma tunatar da mu cewa su kansu manyan kamfanonin sun sha fakewa da zubi don tsawaita cinikinsu. Glaxo ya kare Zantac, maganin gyambon ciki, da rajistar mallakar zubi na biyu na sinadarin ranitidin. Da kamfanin Novopharm na Kanada ya yi nasara a kotun Amurka a 1997 ya fito da zubi na farko, aikinsu a jiki ɗaya ya kasance. Novartis ya nemi Indiya ta ba shi mallakar wani zubi na maganin sankarar jini mai suna Glivec, Kotun Ƙolin ƙasar ta hana shi ranar 1 ga Afrilu 2013, bisa dalilin cewa sabon zubi ba sabon magani ba ne sai an nuna ya fi warkarwa. Wannan hukunci ne ya bar ƙofa a buɗe ga na araha.

Hujjarsu mafi ƙarfi kuwa tana nan cikin garin Gombe, a layin masu karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Kafin 2001 kuɗin maganin mutum ɗaya a shekara ya haura dala dubu goma. A shekarar ne Yusuf Hamied na kamfanin Cipla ya ce zai ba da haɗin magani uku a kan dala 350. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara shirinta na ƙasa da magungunan Indiya, da niyyar ɗaukar manya 10,000. Yau yawancin robobin da ake miƙa wa mutane kyauta a asibitocinmu na kamfanonin Indiya ne, kuma gwajin jini yana nuna ƙwayar cutar ta kwanta. Akwai matan da suka haifi 'ya'ya lafiyayyu, suka yaye su, suka sa su makaranta, a kan "mai sauƙi". Wanda zai ce duk ɗan Indiya banza ne, ya fara bayyana mana wannan.

Akwai ma wata ɓarna da tsada ke yi wadda ba a cika faɗa ba. Magidanci ya ji an ce mai kyau, kuɗinsa bai kai ba, sai ya ce a yanko masa rabin kati. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana bakwai ya zama na kwana uku. Ciwon ya lafa, ya dawo, wannan karon ya fi taurin kai. Ga shi kuma masu buga jabu kwalin mai tsada suka fi kwaikwaya, don a nan ribar take. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Augmentin da aka kama a Yuganda da Kenya.

Labarin da ɓangarorin biyu ke ja, kowa na cewa nasa ne, shi ne na ritonabir. Kamfanin Abbott na Amurka ya fito da shi a 1996 da sunan Norvir, maganin ƙanjamau a cikin kafso. An yi ta buga shi kusan shekara biyu ba matsala. A 1998 sai wasu rukunin kafso suka fara faɗuwa gwajin narkewa. Da aka duba, ashe sinadarin ya samo wa kansa wani sabon zubi da ba wanda ya taɓa gani, mai taurin narkewa, yana tsirowa a cikin kafson. Abin bai tsaya nan ba. Duk ɗakin gwajin da sabon zubin ya shiga, sai tsohon ya ƙi samuwa, domin ɗan ƙurarsa kaɗai ya isa ya ja sauran garin ya bi shi. Har masana'antar kamfanin da ke Italiya abin ya kai. Dole aka janye kafson daga kasuwa, marasa lafiya suka koma shan na ruwa mai mugun ɗanɗano, sai a 1999 aka fito da sabon kafso, shi ma sai an sa shi a firji.

Masu son mai tsada suna cewa: kun ga ƙarfin zubi. Ni abin da nake gani a labarin daban ne. Wannan ba ɗan kamfani ba ne a lungu, wanda ya ƙirƙiro maganin ne da kansa, da duk masanansa da kuɗinsa, kuma bai tsira ba. Abin da ya tsare marasa lafiya ba sunan da ke jikin kwali ba ne, gwajin narkewar nan ne da ake yi wa kowane rukuni kafin ya fita. Haka ma maganin ƙanjamau na Indiya da ake rabawa a Gombe: ba don ɗan Indiya ne yake aiki ba, sai don masu sayensa ba sa karɓa sai wanda ya tsallake tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka fara a 2001, ko ta hukumar magunguna ta Amurka. Don haka a ganina rabon da mai kanti ya yi, mai kyau da mai sauƙi, ba shi ne rabon gaskiya ba. Akwai wanda aka gwada, akwai wanda ba a gwada ba, kuma kuɗi ba ya nuna wanne ne wanne.

A nan dole in ba masu son mai tsada gaskiyarsu guda. NAFDAC ta yi nisa daga inda Dora Akunyili ta same ta a 2001, har a watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga ta zuwa mataki na uku na ƙwarewa. Amma sai a 2025 hukumar, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sanar cewa za ta tilasta wa kamfanoni kawo sakamakon gwajin jinin nan na kwatanci kafin rajista. Ma'ana, akwai kwalaye a kan kanta da suka samu lamba kafin a ɗaure wannan sharaɗi. Likitan da ke ɗari-ɗari da kamfanin da bai sani ba, ba son zuciya yake yi ba.

Sai dai akwai abin da ɓangarorin biyu suka tsallake, kuma shi ya fi kusa da mu. Ana gwada dawwamar maganin da za a sayar a Nijeriya a kan zafin digiri 30 da danshin kashi 75, shi ya sa kwalaye da yawa ke ɗauke da gargaɗin kada a ajiye a inda ya wuce digiri 30. A Gombe, watan Maris da Afrilu zafi na kai wa digiri 40 a inuwa. Shiga ƙaramin kemis a Tudun Wada ko Herwagana da azahar: rufin kwano, ba silin, ba wuta, fankar tsaye cik, kwalayen sahun sama suna dab da kwanon, in ka taɓa su ka ji ɗumi. Kafin su iso nan sun kwana a bayan mota daga Kano ko Anaca. A watan Agusta kuma sai danshi ya karɓi aiki. Ga gwangwani mai ƙwaya dubu da ake buɗewa sau da yawa a yini, a ƙirgo goma a ƙulle a leda, ba suna ba ranar lalacewa. A gida leda ta ƙare a saman taga ko kusa da murhu.

Kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol, maganin farfaɗiya ne da ke nuna illar wannan ƙarara. In ya sha danshi, garinsa yana haɗiye ruwa ya koma wani zubi, ƙwayar ta taurare. A 1990 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ƙwayar da aka ajiye a wuri mai danshi tana iya rasa sulusin ƙarfinta. Ga mai farfaɗiya, sulusi shi ne bambanci tsakanin zaman lafiya da faɗuwa a bakin wuta ko bakin rijiya. Danshi kuwa ba ya tambayar ko ƙwayar daga Suwizalan ta zo ko daga Indiya. A watan Fabrairu na 2025, da NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Anaca da Aba da Idumota ta Legas, cikin abin da ta ce ta tarar har da magungunan da wurinsu firji ne, jibge a ɗakuna masu zafi. A Kano ma dalilin da ya sa aka matsa wa 'yan kasuwar magani ta Sabon Gari su koma cibiyar Dangwauro a 2024 ke nan, a samu wurin da za a iya sa ido a kan ajiya.

Shi kansa ritonabir ƙarshen labarinsa batun zafi ne. Haɗinsa da lofinabir, wato Kaletra, da farko kafso ne mai buƙatar firji, abin da yawancin gidajenmu ba su da shi. A 2005 Abbott ya fito da ƙwaya wadda aka narkar da sinadarin a cikin wani ƙaro don kada ya samu damar jeruwa ko kaɗan, ba ta buƙatar sanyi. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi ta matsa lamba a 2006, har daga Legas, kafin irinta mai suna Aluvia ta iso ƙasashen da suka fi buƙatarta.

To ina na tsaya? Ga yawancin magungunan yau da kullum, ina tare da masu cewa mai sauƙi daga sanannen kamfani, a kantin da ke da rajista da sanyi, ya fi mai tsadar da za a saya rabi. Kamfanin Swipha na Legas ya samu tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan ƙwayar zinc ta gudawar yara a 2023, wanda ya nuna na gida ma yana iya kai wa. Amma ga 'yan magungunan da ɗan bambanci kaɗan ke jawo masifa, ina tare da masu taka-tsantsan. Ko a Ingila, tun 2013 hukumarsu ta ce mai shan kabamazafin ko fenitoyin ko fenobabiton a bar shi a kan kamfani guda. Ba ta ce sai mai tsada ba, ta ce kada a riƙa yi masa canje-canje.

Nauyin bai kamata ya faɗa kan dattijon da ke tsaye gaban kanta ba. Jihar Gombe tana da hukumar GODMA mai sayo wa asibitocin gwamnati magani, tana da GoHealth mai biyan kuɗin jinyar dubban mutane, Jami'ar Jihar Gombe kuma tana da tsangayar harhaɗa magunguna. Mai saye da yawa yana da bakin cewa ba zai karɓi kaya ba sai da takardar gwajin narkewa ta wannan rukunin. Na'urar wannan gwaji ba ta fi ƙarfin jami'a ba, kuma ɗalibai za su iya ɗibo mebendazol da kabamazafin daga kantunan gari a ƙarshen bazara da ƙarshen damina, a gwada, a buga sakamakon kowa ya gani. Hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta ƙasa, in ta zo duba lasisi, ta duba har da ma'aunin zafi a bango da silin a sama.

Kai kuma mai karatu, in akwai mai farfaɗiya ko mai wani ciwo na dindindin a gidanka, riƙe kwalin da ya karɓe shi ka riƙa zuwa da shi kanti, kada a canza masa kamfani sai da sanin likitansa. Kada ka karɓi ƙwayar da aka ƙirgo a leda ba suna. Ka bar magani a cikin katinsa har lokacin sha, ka ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga da murhu da randa. In ƙwaya ta canza launi, ko ta dunƙule, ko ta yi taurin da ba ka saba gani ba, mayar da ita wurin mai harhaɗa magunguna ya duba kafin kowa ya haɗiya.